Yaron da ke yawan tambaya ba fitsararre ba ne

Malaman yaƙi da jahilci, tun daga Madawa har Magarya, suna da kuka guda da sukan yi a ƙarshen kowane zangon karatu. Magidanci ya yi wata huɗu yana zuwa aji, ya iya haɗa baƙi da wasali, ya iya rubuta sunansa da na garinsu, amma da zarar malami ya rufe littafi ya ce ko da mai tambaya, sai aji ya yi tsit kamar ruwa ya cinye shi. Ba wai an gane ba ne. Sai an watse, a kan hanyar gida, za a ji wani yana raɗa wa maƙwabcinsa cewa shi fa lissafin rabawar nan bai shige shi ba. Irin wannan shiru ana cin karo da shi a gidan likita, inda uwa kan karɓi ƙwayoyi ta ƙulle a bakin zane ta fita ba tare da ta tambayi sau nawa za ta ba yaron ba. Ana cin karo da shi wurin rabon maganin ƙwari, inda manomi kan tafi da galan bai san yawan ruwan da zai sirka ba. Har cikin ofisoshin gwamnati yana nan, gun ƙaramin ma'aikacin da ya gwammace takarda ta yi mako biyu bisa teburinsa da ya ƙwanƙwasa ƙofar shugabansa ya nemi ƙarin bayani.

Ba wanda aka haifa da wannan shiru. Koya masa aka yi, tun bai fi shekara uku ko huɗu ba, kuma galibi waɗanda suka fi kowa son sa ne suka koya masa.

Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida da yamma ya san yadda abin yake. Uwa tana gindin murhu, ido ya yi ja don hayaƙi, ga goyo a baya, ga ɗan shekara uku ya tsuguna kusa da ita yana jero tambayoyi. Me ya sa hayaƙi yake hawa sama? Ina rana take kwana? Don me akuya ba ta magana? Wa ya zuba ruwa cikin rijiya? Ta farko takan sami amsa, ta biyu ta sami rabin amsa, ta uku kuwa sai a ce, "Kai, rufe mini baki, ka cika surutu!" In akwai baƙo a wurin sai a ƙara da harara, domin yaron da ke tsoma baki gaban manya abin kunya ne ga gidansu. Hausa ma tana da sunaye birjik na irin wannan yaro: mai shisshigi, mai ƙwaƙwa, mai bakin aku, fitsararre. Da wuya a sami ɗaya cikinsu da yake yabo.

Alhali kuwa yawan tambayar nan ba halin wani yaro guda ba ne, balle a ce sangarta shi aka yi. A shekara ta 2007 wata mai bincike a Amurka, Michelle Chouinard, ta bi rubutattun maganganun yara huɗu da aka ɗauka a gidajensu tsawon shekaru, ta ƙirga tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta sami fiye da tambaya 24,000, watau sama da ɗari a kowace awa da yaro ya yi tare da babba, kuma wajen bakwai cikin goma na neman sani ne, ba na roƙon abinci ko neman izini ba. Ta kuma lura cewa in yaro ya sami amsa yakan wuce gaba, in kuwa aka kauce masa sai ya maimaita. Ke nan nacin da ke gajiyar da uwa, sau da yawa alama ce ta amsa ba ta iso ba tukuna.

Abin ma tun kafin baki ya buɗe yake farawa. Jariri ɗan wata goma in aka ba shi ludayi sai ya yar, a ɗauko masa ya sake yarwa, har a ce rigima yake nema. Jan Piyaje, malamin nan na ƙasar Suwis da ya rasu a 1980, ya shafe shekaru yana kallon ƴaƴansa uku suna irin wannan yana rubutawa, ya gane cewa gwaji yaron yake yi: yana canza wurin da yake sakin abu, yana duban inda zai faɗi. A 2015 wasu masana biyu na jami'ar Johns Hopkins suka ƙara tabbatar da haka ta hanyar rufa-ido. Suka nuna wa jarirai ƴan wata 11 abin da ba ya yiwuwa: wasu suka ga abin wasa ya ratsa bango ya fita ta ɗaya gefen, wasu suka ga ya wuce bakin tebur ya tsaya a iska bai faɗi ba. Da aka miƙa musu kayan, waɗanda suka ga an ratsa bango sai suka dinga buga abin bisa tebur, kamar masu son sanin ko da gaske yana da tauri. Waɗanda suka ga ya tsaya a iska kuwa sai suka dinga sakinsa ƙasa. Kowane jariri ya zaɓi gwajin da ya dace da abin da ya ba shi mamaki. Ga tambaya, ga yanke shawara, duk a wurin wanda bai iya cewa inna ba tukuna.

To, sai dai kada a yi gaggawar ɗora wa iyaye da kakanni laifi, kamar yadda wasu ƴan boko kan yi da zarar sun dawo daga karatu waje. Al'ada ba a banza ta ja layi tsakanin babba da yaro ba. Esther Goody, wadda ta daɗe tana bincike cikin mutanen Gwanja a arewacin Gana, ƙasar da fataken goro suka sani tun kaka da kakanni, ta nuna a 1978 cewa a can tambaya tana tafiya ne da matsayi: babba ke tambayar ƙarami, in ƙarami ya juya ta sama sai a ɗauke ta kamar ƙalubale. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ɗan maƙeri a Tawa ko ɗan dukawa a Damagaram da ido da hannu ya koyi sana'ar gidansu, yana zuga wuta ko yana riƙe fata, yana kallo, kuma ba wanda ya ce sana'ar ta lalace. Amma hanyar kallo tana isa ne matuƙar abin da za a koya yana gaban ido, bai kuma canza ba tun zamanin kaka. Ana koyon ƙira da kallo. Ba a koyon awon maganin ƙwari da kallo, ko sharuɗɗan bashin ƙungiyar manoma, ko abin da ke cikin takardar da aka ce a dangwala wa hannu. Waɗannan sai an buɗe baki.

Bugu da ƙari, al'adar Hausa ba ta taɓa toshe bakin yaro gaba ɗaya ba. Ƙofofi ta yi masa. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta sakin jiki da shi gaban mutane, uba kuma yana da kwarjinin da ba a wasa da shi. Amma ga kaka, wadda jika namiji ke kira matarsa, ta mace kuma kishiyarta. Ita ake ja wa zane, ita ake tambaya abin da ba a iya tambayar kowa, ita kuwa tana da lokaci, tana da haƙuri. Gidanta ma ake kai yaro yaye. Ga taubashi, ga kawu, ga yayyen da suka girme shi kaɗan. Ga dare, lokacin gatana da ka-cici-ka-cici, inda ake jefa wa yaro tambaya a ce ya nemo amsa da kansa, in ya kasa ya ba da gari. Gizo kansa, in aka duba da kyau, ba kowa ba ne illa mai gwada abin da aka hana, wani lokaci ya ci riba, wani lokaci ya sha kashi, yara kuma suna kwance bisa tabarma suna auna wanne ne wanne. Mutanen da suka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, su ne dai suka ce matambayi ba ya ɓata.

Waɗannan ƙofofi ne ke rufewa yau ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Yamai ko Arlit ya baro kakar yara a ƙauye. Gatana ta ba talabijin da wayar hannu wuri, su kuwa magana suke yi, ba sa sauraro. Aka riƙe rabin al'ada mai cewa yi shiru, aka saki rabin da ke cewa zo nan in gaya maka.

Masu fakewa da addini ma sai su sake dubawa. A cikin Suratul Baƙara an ba da labarin Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu; ba a kore shi ba, aka nuna masa da tsuntsaye huɗu. A Suratul Kahfi an sharɗanta wa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kada ya yi tambaya sai lokaci ya yi, amma da za a rabu sai da aka warware masa dalilin jirgin ruwa, da na yaron, da na bango. Haƙuri aka nema gare shi na ɗan lokaci, ba a bar shi cikin duhu ba. Uban da ya ce wa ɗansa bari sai an jima, ya kuma kira shi bayan sallar isha'i ya ba shi bayani, yana kan hanya. Wanda ya ce rufe baki, ya tashi ya manta, shi ne ya kauce.

Abin mamaki a nan shi ne, yaron da ake ganin bai isa tambaya ba, shi ne ake ganin ya isa ɗaukar nauyi. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike cikin unguwannin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara kacokan ga yara: su ke kai talla, su ke sayo cefane, su ke kai saƙo gida-gida. Abin da ta gani a Kano shi ne a Maraɗi da Birnin Damagaram har gobe. Yarinya ƴar shekara shida da farantin ƙosai a ka tana yanke shawara sau da yawa kafin azahar: wa za ta ba bashi, wace hanya za ta bi, me za ta yi in an ba ta dala ashirin ba ta da canji, ko ta shiga zauren da wani namiji ya kira ta ciki. Ɗan shekara bakwai da aka tura kiwo shi kaɗai zai dubi hadari ya yanke ko lokacin koro awaki gida ya yi. Ƴar shekara biyar da aka bar wa reno ita ce za ta ga ƙanenta ya kai hannu ga kwalbar da ke bayan ƙofa.

Yaron da aka ba doka ba dalili, dokar tana aiki ne muddin idon babba yana kansa. An ce kada ya taɓa kwalbar nan. To, ga wata da ba a ambata ba, irin ta lemo, cike da kananzir ko man fetur na bakin hanya. An ce kada ya je tabki. Ba a ce kome ba game da ramin da aka haƙa don yin tubali, wanda ruwan sama ya cika jiya da dare. Wanda aka gaya wa dalili, cewa ruwan da ba a ganin ƙasansa yana haɗiye mutum, cewa ba duk abin da ke cikin kwalba ake sha ba, shi yana da abin da zai auna sabon hatsari da shi. Ba ana cewa a tsaya mahawara da ɗan shekara biyu da ya doshi murhu ba. Nan "kul!" ce magani, a fizge shi tukuna. Amma bayan an fizge shi akwai sauran aiki, kuma wannan sauran ne aka fi mantawa da shi.

Yanke shawara kuwa kamar ɗaukar tulu ne, da ƙarami ake farawa. Wace riga cikin biyun nan za ka sa? Kunu ko fura? In an ba shi dala biyar ranar kasuwa, a bar shi ya zaɓa tsakanin alewa da ƙuli-ƙuli, in ya sayi abin da bai ji daɗinsa ba kada a musanya masa, kada kuma a yi masa dariya. Asarar dala biyar a shekara huɗu makaranta ce mai arha. Babba ne ke shata iyaka, yaro ya zaɓa a cikinta, iyakar kuma ta dinga faɗaɗa yadda hankalinsa ke ƙaruwa.

Akwai wani gwaji da ya yi suna a duniya, wanda galibi rabin labarinsa ake bayarwa. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, Walter Mischel na jami'ar Stanford yakan ajiye wa ƙaramin yaro alewa guda, ya ce masa in ya jira har babba ya dawo zai sami biyu, sa'an nan a fita a bar shi da ita. An daɗe ana yayata cewa yaron da ya jira shi ne zai yi nasara a rayuwa, sai a 2018 aka sake duba lamarin da yara wajen 900, aka tarar in an yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito, yawancin bambancin yakan narke. A Kamaru kuwa, cikin ƙabilar Nso ta arewa maso yamma, an gwada ƴan shekara huɗu da fanke, aka kwatanta su da takwarorinsu na Jamus. A sakamakon da ya fito a 2017, kusan bakwai cikin goma na ƴaƴan manoman Nso sun jira minti goma cif, na Jamus kuwa wajen uku cikin goma. Wannan abin yabo ne ga tarbiyyar karkarar Afirka, ya kuma isa amsa ga masu ganin duk abin da ke gidan Bature ya fi. Kamun kai dukiya ce, ba wanda ya ce a zubar da ita.

Amma gwajin da ya fi shafar kowane gida shi ne na jami'ar Rochester, wanda aka buga a 2013. Kafin a kawo alewa, sai aka yi wa yara 28 alkawarin kawo musu kayan zane masu kyau. Rabinsu aka cika musu, rabi aka dawo hannu wofi aka ba su haƙuri. Da aka zo kan alewa, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira wajen minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa wajen minti 3 kacal. Yaron da ya cinye tasa nan take ba wawa ba ne. Ya auna mutumin da ke gabansa, ya ga maganarsa ba abin dogara ba ce, ya yanke shawarar da ta dace da abin da ya gani. Sai a tuna sau nawa a yini ake ce wa yaro yi shiru zan sayo maka, yi shiru zan tafi da kai, alhali ba a da niyya. Sai a tuna da dodon da ake kira masa, da kura, da kuma mafi muni, likita da allurarsa. Uwar da ta shekara uku tana tsorata ɗanta da allura, ita ce kuma za ta ja shi yana kururuwa ranar rigakafi, tana mamakin taurin kansa. Daga irin wannan ne yaro ke koyon cewa amsar babba ba lalle gaskiya ba ce, wanda ya koyi haka kuwa yakan rage tambaya, ko ya kai ta wurin da bai kamata ba.

Nan ne ya kamata makaranta ta shigo ta cike giɓi, amma sau da yawa sai ta ƙara faɗaɗa shi. Dokar ilimi mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga watan Yuni 1998 ta sanya ajin share fage, watau jardan na yaran da ba su isa shiga lakkwal ba, cikin ilimin tushe. Yaran da ke samun shiga ƙalilan ne, mafi yawansu a birane, a ƙasar da ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 17, fiye da rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Ƙarancin abin damuwa ne, amma abin da ake yi cikin waɗanda ke akwai shi ma abin dubawa ne. Da yawa sun zama ƙaramin aji na CI: yara a cunkushe, hannu a harɗe, madam tana faɗin kalmar Faransanci suna amsawa da ƙarfi, tsumagiya tana jingine jikin allo. Iyaye kuma, musamman ma'aikatan da ke biya a makarantun kuɗi, su ke neman haka. In ɗan shekara huɗu ya dawo gida yana rera ƙirga har ashirin da Faransanci, sai a ce makarantar nan tana aiki. In ya dawo da taɓo a riga yana ba da labarin waken da suka shuka cikin gwangwani, sai a ce wasa kawai ake yi, kuɗi sun tafi banza.

A 2011 Elizabeth Bonawitz da Laura Schulz da abokan aikinsu a Amurka suka ƙera wani abin wasa na bututu mai sirri huɗu: wani wuri in an ja ya yi ƙara, wani ya kunna fitila, wani ya yi kiɗa, wani yana da madubi a ɓoye. Wasu yara aka ce musu ga yadda abin yake aiki, aka nuna musu ƙarar kaɗai. Wasu kuwa sai babbar ta yi kamar bisa tsautsayi ta ja ya yi ƙara, ta nuna mamaki, ta miƙa musu. Na farkon suka tsaya kan ƙarar, suka ajiye shi da wuri; na biyun suka daɗe suna juya shi, suka gano sirri fiye da na farko. Wannan bai nuna koyarwa ba ta da amfani ba, domin yaran farko sun riƙe abin da aka nuna musu sarai. Abin da ya nuna shi ne, yaro yana gaskata malami har ya ɗauka abin da ba a nuna masa ba babu shi. Malamar da ta san haka takan nuna ɗaya, ta ce akwai saura, ku nemo.

Sa'an nan ga maganar harshe, wadda ba ta da makawa. Yaro ba ya tambayar don me cikin harshen da bai iya ba. Ɗan shekara huɗu da ke cika gida da surutu cikin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, in aka ce daga bakin ƙofar aji sai Faransanci, an ɗaure masa harshe, kuma wannan shirun ne za a zo ana kira ladabi. Zancen ba sabo ba ne a Nijar. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya kare koyarwa cikin harsunan gida a littafinsa kan ilimi a Afirka tun 1964. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Tsakanin waɗannan biyun shekara 52 ke nan. Yaran aji na farko na wancan gwaji yau sun kai munzalin kakanni, jikokin tsaransu kuwa da yawa da baƙon harshe ake tarbarsu ranar farko.

Akwai kuma yaron da ba a ma bukatar ce masa yi shiru. Wanda tamowa ta kama ba ya tambaya, ba ya taɓa kome, yana zaune inda aka ajiye shi, har wani lokaci a yaba masa a ce ba shi da rigima. Binciken abinci da ake yi a Nijar shekara da shekaru yana nuna fiye da huɗu cikin goma na yara ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Kingiston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, aka ɗauki irin waɗannan yara 129, ƴan wata 9 zuwa 24. Wasu aka ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta dinga zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka neme su, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin da ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kashi 25 cikin ɗari. Ciyarwa wajibi ce, ba mai jayayya a kai, amma a can madarar kaɗai ba ta bar irin wannan sawu mai nisa ba.

Kayan wasan kuwa ba sa jiran kasafin kuɗi. Yaran ƙasar nan sun riga kowa: motar kara da ta gwangwanin madara, ƴar tsana, shanun laka, ginin ƙasa bayan an ɗauke ruwa. Yaron da ya gyara ƙafar motarsa sau uku har ta juya bai rasa kome ba illa babban da zai tsuguna ya ce, "Yaya aka yi ta juya?" maimakon ya take ta ya ce an cika gida da shara.

Wasu kan ji tsoro in an ambaci haƙƙin yaro, suna ganin dabara ce ta raba ɗa da ubansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, a sashe na 12 ta nemi a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa; ba ta ce shi zai mulki gida ba. Ta Afirka kuma, ta 1990, a sashe na 31 ta ɗora wa yaro nauyin girmama iyaye da manya. Biyun ba sa karo. Ana iya durƙusawa a yi tambaya.

Ga hukuma, aikin farko ba na gini ba ne. Makarantun horon malamai na Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso su ne wurin farawa. Ɗalibin malanta yakan fita ya iya tsara darasi minti-minti a takarda, amma ba safai ake gwada shi kan abin da zai yi in yaro ya jefo masa tambayar da ba ta cikin takardar ba, balle wadda shi kansa bai san amsarta ba. Mushen da ke ganin faɗin "ban sani ba, zo mu bincika" zubar da girma ne, shi ne ke saurin ɗaga tsumagiya. Mai duba makarantu kuma, in ya zauna a bayan aji da takardarsa, yana iya ƙara layi guda cikin abin da yake dubawa: tambaya nawa ta fito daga bakin yara cikin awa guda, me kuma aka yi da ita. A wurin awon jarirai, inda uwaye kan yi safiya guda suna jiran layi, ma'aikaciyar lafiya tana da minti goma na nuna wasa da magana da jariri, kamar yadda take nuna haɗa kunun yara. Waɗanda suka gama karatun yaƙi da jahilci kuwa, su ne suka fi kowa sanin zafin zama da tambaya a ciki shekara arba'in ba wurin kai ta. Su ya kamata a fara ba ɗan littafi cikin Hausa, mai manyan baƙaƙe, da ke amsa irin tambayoyin da ƴaƴansu ke yi a gindin murhu: inda ruwan sama yake fitowa, dalilin da wata ke raguwa, abin da sauro ke zubawa cikin jini, yadda ƙwayar hatsi ke zama zangarniya. Da rani ake buɗe ajujuwan manya, kuma rubuta irin wannan littafi da buga shi kafin a gama kaka bai fi ƙarfin ma'aikatar ilimi ba.